Batasang Pambansa: su wa suka zauna a majalisar Marcos, kuma wa ke riƙe da linzaminta?

Akwai wani hoto da aka ɗauka a Manila cikin watan Janairun 1973, sanatoci ne su biyar tsaye cirko-cirko a bakin ƙofar zauren majalisar dattawa an garƙame ta da kwaɗo, ga Salvador Laurel ga Eva Estrada Kalaw ga Ramon Mitra ga Gerardo Roxas ga kuma Jovito Salonga. A ƙa'idar tsohon kundin tsarin mulkin Filifin lokacin ne majalisa ke dawowa daga hutu, suka zo aiki suka tarar ba hanyar shiga. Ku riƙe sunayen nan da kyau don kowannensu zai sake ɓullowa a gaba. Abin da nake so mu warware yau shi ne majalisar da Ferdinand Marcos ya kafa a madadin waccan da ya rufe, wato Batasang Pambansa, wadda ta yi zamani daga 1978 zuwa 1986, a yarensu batas doka ke nan, bansa kuma ƙasa, to ka ga ma'anar dai majalisar dokokin ƙasa. Mutane da yawa da an ambace ta sai su ce ai 'yan amshin shata ne kawai su wuce, kuma ni ban ce ƙarya suka yi ba, amma wannan amsar ta yi mini arha, don a cikin zauren nan an samu tsoffin alƙalan kotun ƙoli da manyan lauyoyi da mutanen da suka sha ɗauri, har da wanda aka buɗe wa wuta saboda bakinsa, to ya aka yi taron irin waɗannan mutane ya kasa cewa a'a ko sau ɗaya a kan abin da ya dami mai gida? Amsar tana cikin yadda aka shigo da su da kuma wanda aka ɗora a kansu.

Mu ɗan koma baya kaɗan. Kafin Satumban 1972 majalisar Filifin irin ta Amurka ce, zaure biyu, dattawa mutum 24 da kuma wakilai, Gil Puyat na shugabantar dattawa, Cornelio Villareal kuma kakakin wakilai. Marcos ya ci zaɓe a 1965 ya sake ci a 1969, kundin 1935 kuma bai ba shi damar zarcewa karo na uku ba, wa'adinsa zai ƙare ƙarshen 1973. Sai ya sa dokar soja, takardar na ɗauke da ranar 21 ga Satumba 1972 amma sai ranar 23 aka sanar wa jama'a, aka kwashe 'yan adawa da 'yan jarida, cikinsu har da Sanata Benigno Aquino wanda ake kira Ninoy. A lokacin akwai taron rubuta sabon kundi da ke gudana tun 1971, to a nan aka yi dabarar farko, aka sa a cikin daftarin cewa za a yi majalisar wucin gadi, kuma duk wakilin taron da ya ƙada ƙuri'ar amincewa da wannan sashe kai tsaye ya zama ɗan majalisar ba tare da ya tsaya zaɓe ba, haka ma tsoffin sanatoci da wakilai in sun yarda su shiga. Kun ga an ba mutum kujera ne a matsayin ladan ƙuri'arsa. Aka amince, aka ce jama'a sun yarda da kundin ta hanyar ɗaga hannu a tarukan unguwanni a Janairun 1973, sannan ita majalisar wucin gadin da aka yi musu alkawari ba a taɓa kiranta zama ba ko na yini ɗaya. Shekara biyar da 'yan watanni ƙasar ba ta da zaɓaɓɓiyar majalisa, Marcos ke rubuta doka shi kaɗai da sunan dikirin shugaban ƙasa, a 1976 ya haɗa wata majalisar ba da shawara mai suna Batasang Bayan amma ita ba ta da ikon komai.

Abin da ya fi komai muhimmanci a duk labarin nan ya faru ne a Oktoban 1976, kafin ma a zaɓi ɗan majalisa ko ɗaya. An yi ƙuri'ar raba-gardama aka yi wa kundin gyare-gyare, aka soke waccan majalisar da ba ta taɓa zama ba aka ƙirƙiri Batasang Pambansa ta wucin gadi, aka ce Marcos shi ne shugaban ƙasa shi ne firaminista kuma shi ma mamba ne a cikinta. Sai gyara na 6, wanda duk ɗan Filifin da ya rayu a lokacin ya san shi da lambarsa. Abin da ya ce a taƙaice, duk lokacin da shugaba a ganinsa akwai babbar barazana ko alamarta, ko kuma a ganinsa majalisa ta gaza yin abin da ya dace a kan wani al'amari ko da wane dalili ne, to yana da ikon fitar da dikiri ko umarni kuma ya zama dokar ƙasa. Ku lura da kalmar a ganinsa, ba kotu ba ce za ta auna, ba majalisa ba, shi ne mai gani shi ne mai yankewa. Don haka tun kafin a haifi majalisar an riga an yi mata kishiya a ɗaki ɗaya, kuma kishiyar ce ke riƙe da makullin rumbu.

To yanzu mu zo kan mambobi. An yi zaɓe ranar 7 ga Afrilu 1978, kujerun da aka yi takara a kai kimanin 165 ne, amma ba mazaɓa-mazaɓa aka yi ba irin yadda aka saba, an raba ƙasar shiyya 13 ne, kowace shiyya ta ƙunshi larduna da yawa wani lokaci tsibirai daban-daban, kuma duk 'yan takarar shiyyar a kwando ɗaya suke. Sannan aka ba mai zaɓe damar ya rubuta sunan jam'iyya kawai a takardarsa a lissafa wa duk 'yan takararta ƙuri'ar gaba ɗaya. Ka ɗauki mutumin da garinsu ke so kamar me, a tsohon tsari zai ci mazaɓarsa ko gwamnati na so ko ba ta so, amma yanzu dole ya nemi ƙuri'a a larduna biyar ko shida inda ba a san shi ba, jaridu da rediyo da talabijin duk suna hannun gwamnati da abokanta, dagatai da shugabannin unguwanni da magadan gari duk na Marcos ne, to ta ina zai ɓullo? Kuma wanda ya yi rinjaye a shiyya ko da da ɗan kaɗan ne yana iya kwashe kujerun duka. Jam'iyyar da aka haɗa don wannan zaɓen ita ce Kilusang Bagong Lipunan, KBL, ma'ana tafiyar sabuwar al'umma, an tattaro ta ne daga tsoffin 'yan Nacionalista da 'yan Liberal da suka miƙa wuya, ta kwashe kusan kujeru 150.

Bayan waɗannan akwai kujeru 14 na wakilan rukunoni, matasa da ma'aikatan masana'antu da ma'aikatan gona, su ba jama'a ke zaɓensu kai tsaye ba, ƙungiyoyinsu ne ke fitar da su, ƙungiyoyin kuma galibi gwamnati ce ta kafa su ko ta yi musu rajista. Sai kuma ministocin da shugaba ya ga dama ya ba su kujera ba tare da sun tsaya zaɓe ba. Wasu manyan ministocin ma takara suka yi suka ci, Juan Ponce Enrile na tsaro daga shiyyar Cagayan, Cesar Virata na kuɗi, Blas Ople na ƙwadago, Carlos Romulo na harkokin waje, to ka ga wanda ya kamata majalisa ta kira ta tambaye shi yadda ya kashe kuɗi shi ne zaune a sahun gaba yana ƙada ƙuri'a. A tsarin firaminista wannan ba sabon abu ba ne, a Ingila ma ministoci 'yan majalisa ne, sai dai a can majalisa na iya kayar da gwamnati da ƙuri'a ɗaya, a nan kuwa babu wannan ƙofar.

Inda aka yi gumurzu na gaske shi ne Manila da kewayenta mai kujeru 21. Imelda Marcos, matar shugaba kuma gwamnar yankin tun 1975, ita ta jagoranci 'yan takarar KBL. Jam'iyyar Liberal ƙarƙashin Roxas da Salonga ta ce ba za ta shiga ba, wasa ne aka shirya. Shi kuma Aquino yana tsare a barikin Fort Bonifacio, kotun soja ta riga ta yanke masa hukuncin kisa a Nuwamban 1977, amma ya ce zai tsaya don ya samu hanyar magana da mutane, aka kafa Lakas ng Bayan, a taƙaice LABAN, kalmar kanta na nufin gwagwarmaya, suka tsayar da mutum 21 cif, cikinsu akwai Mitra da Aquilino Pimentel da Teofisto Guingona da Neptali Gonzales, da shugaban ma'aikata Alex Boncayao, da Trinidad Herrera mai fafutukar talakawan unguwar Tondo, tsoho Lorenzo Tañada yana jan ragamar kamfen. Ba a bar Aquino ya fito ba, hira ɗaya aka ba shi a talabijin, 'yarsa Kris mai shekara 7 ita ke hawa dandamali tana roƙa masa ƙuri'a. Daren jajiberin zaɓe, 6 ga Afrilu, mutanen Manila suka fito da tukwane da kwanoni da gwangwanaye suna kaɗawa, motoci na ta hon har cikin dare, a garin da shekara biyar ba wanda ke iya ɗaga murya. Da aka fito da sakamako sai aka ce KBL ta cinye 21 ɗin duka, LABAN ko ɗaya, har Aquino wai bai kai na ƙarshen jerin Imelda ba. Bayan kwana biyu Tañada, yana gab da shekara 80, ya jagoranci tattakin nuna rashin yarda aka kama shi da ɗaruruwan mutane. Wallahi duk lokacin da na tuna wannan daren na tukwane sai in ji wani abu a ƙirjina, mutane sun faɗi ra'ayinsu da ƙarfi yadda kurma ma zai ji, washegari aka rubuta musu wani abu daban.

'Yan adawar da suka samu shiga ba daga Manila suka fito ba. A shiyyar tsakiyar Visayas, wato su Cebu da Bohol, wata jam'iyyar yanki mai suna Pusyon Bisaya ta cinye kujeru 13 na shiyyar gaba ɗaya, tsarin kwashe-duka da aka shirya don KBL a nan ya juya mata baya. Sai Reuben Canoy na Mindanao Alliance daga arewacin Mindanao. A cikin 'yan Pusyon ɗin akwai wani lauya Hilario Davide wanda ya zama shugaban marasa rinjaye, ya yi ta kawo ƙudurorin neman a ɗage dokar soja ana binne su, shi ne daga baya ya zama alƙalin alƙalan ƙasar a 1998. Akwai kuma Bartolome Cabangbang wanda ya tsaya takarar shugaban ƙasa a 1981 da manufar a mayar da Filifin jiha ta 51 a Amurka, don ku san su ma 'yan adawar ba bakinsu ɗaya ba, kowa da inda ya dosa, kuma mutum goma sha wani abu a cikin kusan 190 ko sun haɗa kai iyakarsu su yi magana a rubuta.

Shugabancin fa? Majalisar ta fara zama ranar 12 ga Yuni 1978 a sabon ginin da aka yi mata a Quezon City, kuma makonnin farko Marcos da kansa ya zauna kan kujerar jagorancin zaman a matsayin firaminista, sai ƙarshen Yuli aka zaɓi kakaki, Querube Makalintal. Wannan mutumin ya cancanci a tsaya a kansa. A Maris 1973 da aka kai ƙara kotun ƙoli cewa ɗaga hannu a unguwanni ba shi ne amincewa da kundi ba, shari'ar da ake kira ta Javellana, Makalintal na cikin alƙalan da suka ce gaskiya ne ba a bi ƙa'idar kundin 1935 ba, amma da aka zo yanke hukunci sai ya bi sahun masu cewa a kori ƙarar don maganar ta siyasa ce ba ta kotu ba, aka tashi 6 da 4, kundin Marcos ya zauna daram. Alƙalin alƙalai Roberto Concepcion da ya ƙi yarda ya bar kujerarsa kafin lokacinsa ya cika, Makalintal ya gaje shi har 1975. To wannan ne aka ɗauko ya zama kakaki, mutum mai ilmi da kamun kai wanda ba a san shi da hayaniya ba, wanda kuma ya riga ya nuna zai iya ganin kuskure ya faɗe shi sannan ya bar shi ya wuce. A ganina ba a yi wannan zaɓin da ka ba. Shi kuwa mai juya zauren yau da gobe shi ne shugaban masu rinjaye Jose Roño, wanda kuma shi ne ministan ƙananan hukumomi, wato mutumin da gwamnoni da magadan gari ke ƙarƙashinsa, kuma a aikace ana gama magana ne a taron jam'iyyar KBL a fadar Malacañang gaban Marcos, zaure sai dai a zo a tabbatar.

Akwai wani abu da na lura da shi wanda zai ja hankalin mai karatu Musulmi, kujerar mataimakin kakaki duk tsawon rayuwar majalisar Musulmin Mindanao ne ke kanta, da farko Datu Blah Sinsuat, datu sarauta ce ta gargajiya a wajensu, a majalisa ta biyu kuma Salipada Pendatun wanda ya yi yaƙin sunƙuru da Japanawa a yaƙin duniya na biyu ya kuma yi sanata tun 1946, da ya rasu sakamakon haɗarin mota a farkon 1985 sai Macacuna Dimaporo na Lanao ya hau. Wannan ya zo ne a lokacin da ake yaƙi a kudu tsakanin soja da ƙungiyar 'yan tawayen Musulmi ta MNLF ƙarƙashin Nur Misuari, an sa hannu kan yarjejeniya a Tarabulus ta Libiya a Disamban 1976 cewa za a ba larduna 13 cin gashin kai, Marcos ya zo ya aiwatar da ita yadda ya so, shiyya biyu maimakon yanki ɗaya, MNLF ta ce ba haka aka yi da ita ba. Kujerar mataimakin kakaki girmamawa ce ga manyan gidajen da ke tare da gwamnati, kuma abin nunawa ne ga ƙasashen Musulmi masu man fetur, amma ba ta zama bakin talakan da aka ƙona wa ƙauye ba. Ko dokar auratayya da gado ta Musulmi da ta kafa kotunan shari'a a can, dikiri ne mai lamba 1083 na 1977, ba daga majalisa ta fito ba.

Kar a ce ba su yi aikin komai ba, sun yi. Dokokinsu ana kiransu Batas Pambansa da lamba, mai lamba 22 ta 1979 kan masu ba da cek ɗin da ba kuɗi a asusu har yau ana gurfanar da mutane da ita, akwai ta kamfanoni mai lamba 68, da ta sake fasalin kotuna mai lamba 129, da ta ilmi ta 1982, da mai lamba 344 da ta wajabta yi wa naƙasassu hanyar shiga gine-gine, da babbar dokar zaɓe mai lamba 881 ta 1985 wadda har yanzu ake aiki da sassanta. Lauyoyi ne ƙwararru, in aka ba su aikin da bai taɓa fada ba suna yin sa da kyau. Amma ku duba wannan, ranar 11 ga Yuni 1978, kwana ɗaya tak kafin su fara zama, Marcos ya sa hannu kan tulin dikiri, har da na kafa kotun cin hanci ta Sandiganbayan da na rajistar filaye da na harkar kwakwa, a lokacin lambar dikirinsa na dab da 1600, kafin ya faɗi kuma ta haura 2000, ma'ana ɗaruruwan dokoki sun fito daga fada alhali majalisa na zaune, cikinsu har da masu tsananta hukuncin tawaye da masu ba da damar tsare mutum ba tare da kotu ba. Ya ɗage dokar soja a Janairun 1981 gab da zuwan Fafaroma John Paul na biyu, aka sake gyara kundi a Afrilu, ya ci zaɓen Yuni da kashi 88 bayan manyan 'yan adawa sun ƙaurace, ya miƙa wa Virata muƙamin firaminista, Roño ya zama mataimakinsa, amma gyara na 6 yana nan ba a taɓa shi ba.

Su ma 'yan KBL ɗin ba duka suka yi shiru ba. Emmanuel Pelaez, tsohon mataimakin shugaban ƙasa, ya tashi a zaure ya soki harajin da ake karɓa daga manoman kwakwa ana zuba shi a hannun makusantan fada, a 1982 aka tare motarsa aka buɗe mata wuta, direbansa ya mutu shi ya tsira da raunuka. Francisco Tatad, ministan yaɗa labarai da ya karanta sanarwar dokar soja da bakinsa, ya raba gari da su a 1980. Laurel kuwa, wancan na hoton kwaɗo, a ƙarƙashin tutar KBL ya shiga majalisar a 1978, daga baya ya fice ya haɗa gamayyar adawa ta UNIDO, da aka harbe Aquino har lahira a filin jirgin saman Manila yana dawowa daga zaman gudun hijira a Amurka ranar 21 ga Agusta 1983 sai ya ajiye kujerar gaba ɗaya.

Kisan nan shi ya canza lissafi. Kuɗi suka fara gudu daga ƙasar, gwamnati ta nemi a ɗaga mata biyan bashi a Oktoba, masu ba da bashi da Amurka suka matsa a yi zaɓen da za a yarda da shi kuma a fayyace wa zai gaji Marcos tunda ciwon ƙoda ya kama shi. A Janairun 1984 aka sake gyara, aka watsar da zaɓen shiyya aka koma lardi-lardi da birni-birni, aka dawo da kujerar mataimakin shugaban ƙasa, kafin a cike ta kuma kakakin majalisa ne zai riƙe ƙasa in shugaba ya mutu. Nan take kujerar kakaki ta zama mai tsada, shi ya sa ba a sake ɗauko tsohon alƙali ba, aka ba Nicanor Yñiguez na Southern Leyte, tsohon abokin Marcos wanda ba a shakkar biyayyarsa.

Zaɓen 14 ga Mayu 1984 kujeru 183 aka yi takara a kai, 'yan adawa suka rabu, su Tañada da Jose Diokno suka ce a ƙaurace tunda gyara na 6 na nan, UNIDO da jam'iyyar su Pimentel PDP-Laban suka ce a shiga, matar marigayi Corazon Aquino ta goyi bayan shiga. Ƙungiyar sa ido ta NAMFREL ta baza 'yan sa-kai suka tsare akwatuna da jikinsu, sai ga 'yan adawa da kujeru wajen 60, kusan kashi ɗaya cikin uku, a Manila da kewaye inda aka ce ba su ci ko ɗaya ba shekara shida baya yanzu su suka kwashe mafi yawa. Canza yadda ake zaɓe kawai da sa ido a kan akwati, ga bambancin da ya kawo. Aka samu Kalaw daga Manila, Mitra daga Palawan, Pimentel daga Cagayan de Oro, Homobono Adaza, Marcelo Fernan daga Cebu, da Cecilia Muñoz-Palma mace ta farko da ta zauna kotun ƙolin ƙasar, shugaban marasa rinjaye kuma Jose Laurel ƙarami, yayan Salvador, wanda ya taɓa yin kakakin tsohuwar majalisa har sau biyu. A ɓangaren KBL akwai Imee 'yar Marcos daga Ilocos Norte, da Arturo Tolentino wanda shi kaɗai ya tsira a cikin birnin Manila, aka ba shi ministan waje aka kore shi a 1985 saboda yawan sukar da yake yi har da ta gyara na 6. Cesar Climaco magajin garin Zamboanga, wanda ya yi rantsuwar ba zai yi aski ba sai dimokuraɗiyya ta dawo, ya ci kujera ya ƙi zuwa ya zauna a kanta, a Nuwamban shekarar aka harbe shi.

Wannan majalisa ta biyu ta fi ta farko rai nesa ba kusa ba, ana muhawara ta gaske ana tona asiri, amma in an zo ƙirga hannu lissafin bai canza ba. A Agustan 1985, bayan wata jaridar Amurka San Jose Mercury News ta fallasa kadarorin da iyalan Marcos da makusantansu suka saya a waje, mambobi 56 suka sa hannu kan takardar neman tsige shi, kwamitin shari'a da KBL ta cika ya yi watsi da ita nan take ba tare da an saurari shaida ba.

Sai jarrabawar ƙarshe. Marcos ya kira zaɓen gaggawa na 7 ga Fabrairu 1986, shi da Tolentino a gefe ɗaya, Corazon Aquino da Salvador Laurel a ɗaya gefen, kuma a kundin majalisa ce ke tattara sakamakon larduna ta bayyana wanda ya ci. Ranar 9 ga wata ma'aikatan kwamfuta na hukumar zaɓe su wajen 30 suka tashi suka fice a gaban kyamara suna cewa abin da ake liƙawa a allo ba shi ne ke fitowa daga na'urorinsu ba. Ranar 11 aka bi Evelio Javier, tsohon gwamnan Antique mai yi wa Aquino aiki, aka kashe shi da rana tsaka a babban garin lardin. Limaman Katolika suka fitar da sanarwa cewa maguɗin ya wuce misali. Duk da haka 'yan adawa na nuna takardun sakamako marasa hatimi da masu goge-goge ana cewa an ji a ci gaba, daren 15 ga Fabrairu suka fice daga zauren, Yñiguez ya bayyana Marcos da ƙuri'a miliyan 10.8, Aquino miliyan 9.3. A nan majalisar ta kashe kanta, don bayan kwana bakwai Enrile, wanda shi ma ɗan majalisar ne daga Cagayan, ya ɓalle tare da Janar Fidel Ramos ya kuma faɗa da bakinsa cewa an yi aringizo a yankinsa, jama'a suka cika babban titin EDSA na yankin Manila don mara musu baya, ranar 25 ga wata Marcos ya bar fada.

Abin da ya biyo baya har yau ana gardama a kansa. 'Yan KBL da yawa sun nuna a shirye suke su juya su bayyana Aquino a matsayin wadda ta ci, Laurel da wasu 'yan adawar da suka sha wuya kafin su ci kujerunsu a 1984 suna so a bar majalisar a yi gyara daga ciki, kuma ina jin zafinsu, mutum ya sa ransa a haɗari ya ci zaɓe sannan gwamnatin da ya taimaka ta hau ta ce ya tafi gida. Amma ni ina ganin Aquino ta yi daidai da ta rushe ta ranar 25 ga Maris 1986, don in ta karɓi halacci daga hannun waɗanda suka bayyana Marcos kwana 38 da suka wuce, to ta amince ke nan cewa su ne masu bayarwa, kuma gobe suna iya karɓewa. Ai ga shi a Yulin shekarar Tolentino ya shiga otal ɗin Manila ya rantsar da kansa shugaban riƙo yana kafa hujja da waccan sanarwar ta 15 ga Fabrairu, abin bai kai kwana uku ba ya watse.

Muñoz-Palma ita ta shugabanci kwamitin da ya rubuta kundin 1987, aka dawo da zaure biyu, aka ƙuntata ikon shugaba na sa dokar soja, ba a kuma sake ba shi ikon yin doka shi kaɗai ba. Ginin na Quezon City yana nan, majalisar wakilai ke zama a ciki kuma har yau Batasan ake ce masa, a nan ɗan Marcos da ya hau mulki a 2022 yake gabatar da jawabinsa na shekara. Da sabuwar majalisa ta buɗe a Yulin 1987 sai aka kira ta majalisa ta 8, aka ɗora lissafi daga ta 7 da aka garƙame a 1973, Ramon Mitra ya zama kakakin wakilai, Jovito Salonga kuma shugaban dattawa.